Tamada Ba Ta Tayar Da Matacce

Duk ranar Asabar da la'asar ina da rabin sa'a a wani gidan rediyo a nan Gusau, inda nake ba samari labarin finafinan jarumai na ƙasashen waje, masu tashi sama da masu ɗaga mota da hannu ɗaya, da kuma littattafan zanen da ake ciro su daga ciki. Wane fim ya fito a wannan mako, wanne za a yi wa kashi na biyu, wane jarumi aka sauya wa riga. In yabi wanda ya yi kyau, in caccaki wanda bai yi ba, sannan a buɗe layi yara su kira su ce ban iya kallo ba. Da zumuɗi na fara aikin nan, har ina biyan kuɗin mota daga aljihuna. Yanzu kam na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya warkarwa. Shekaru sun ja, labarin bai sauya ba. A kashe jarumi bana, duniya ta yi kuka, a sayar da riguna masu hotonsa, baɗi kuma a ce ashe bai mutu ba, wata duniya ya faɗa. Akwai jarumin da na sanar da mutuwarsa ya fi sau biyu a shirin nan, kuma kowane karo sai na sassauta murya kamar mai ta'aziyya.

A wata Asabar irin wannan na sanar wa masu saurare cewa wani jarumi da aka binne a fim ɗin bara zai dawo a sabon kashi. Na faɗa ina hamma a zuciya, na tattara takarduna na hau babur na nufi gida. A bakin zaure na tarar da Nana tana jirana.

Nana ɗiyar yayana Lawali ce, shekarunta shida. Lawali direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe, kuma a daminar da ta wuce taya ta fashe masa a hanya, Allah ya karɓi abinsa. Ranar jana'iza aka kai Nana gidan maƙwabta. Da ta dawo ta tambayi Abbanta, sai matan gida suka ce ya yi tafiya, ya tafi Kudu da mota, sai ya jima. Haka ake yi wa yara a gidajenmu, ba da mugunta ba, don dai babba ya samu ya numfasa. Mahaifiyarta Hadiza ta riƙe maganar, ni ma na riƙe. Tun da suka dawo gidanmu da zama, Nana ta zama abokiyar kallona. In na buɗe kwamfuta ina duba fim ɗin da zan yi magana a kai, sai ta jawo kujerar tsugunno ta zauna, tana tambayata wane ne mugu.

"Baffa, na ji ka cikin rediyo," in ji ta, tun ban kafe babur ba.

"To, madalla. Na iya?"

"Ka ce wanda ya mutu zai dawo."

"Ai fim ne, Nana."

"Yaran makarantar allo sun ce Abba ba tafiya ya yi ba, wai mutuwa ya yi. Na ce musu ko mutuwar ce ai zai dawo, Baffana ya faɗa a rediyo." Ta kama gefen rigata. "Yaushe ne kashi na biyun?"

Allah ya taimake ni ladan ya kira magariba. Na ce mata ta bari in dawo daga masallaci. Ta ce to, tana nan. Na san kuma tana nan ɗin, domin taurin kan ubanta ta ɗauko kaf. Na tafi ina da zaɓi biyu, in ƙara mata wata ƙaryar a kan ta farko ta samu barci, ko in fasa mata abin da duk gida ya taru ya rufe. Ina tsugune ina alwala, sai kakarmu ta faɗo mini a rai.

Sunanta na yanka ba ma faɗa. Daga Mada aka auro ta zuwa Kekun Waje, can ƙasar Bunguɗu, don haka kowa Tamada yake ce mata, mu jikoki kuma mu ce Inna. Ƙaramar mace ce, baƙa, mai goro a kunci kullum, ga faɗa kamar ta ari baki. Idan aka gama girbi aka kai dawa rumbu, sanyi ya fara shiga, sai iyayenmu su tura mu wurinta ni da Lawali mu yi hutu. Bayan sallar isha'i takan hura wutar kara a tsakar gida, jikin katangar ɗakinta inda iska ba ta dukan mutum. Mu taru, mu da 'ya'yan kawunanmu da na maƙwabta, kowa ya ƙudundune cikin zanen uwarsa. Hayaƙi ya sa mu hawaye, gabanmu ya yi zafi bayanmu ya yi sanyi, awaki na tuƙa a turke. Har yau in na ji warin karan dawa yana ci, sai in ji kamar an kira sunana.

Tamada ba ta ba da labari kyauta. Sai ta jawo kwandon gyaɗa ta dire a tsakiya, kowa ya ɗebi rabonsa na ɓara.

"Kai, mijin banza, matso," takan ce da ni, don wasan jika da kaka. "Ina ganin hannunka. Guda ƙwarya, guda baki. In kunka daina ɓara, ni ma in daina magana."

Sai ta gyara zama, ta tofar da goro gefe, ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri."

Mu amsa gaba ɗaya, "Ta shigo ta zauna."

Labaranta na da yawa, kuma ba ta jin kunyar zuba ƙarya. A bakinta kura na zuwa kasuwa da lalle a ƙafa, turmi na yin fushi ya bar gida. Amma tana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin wata tsohuwa ba. Idan mutum ya mutu a cikin tatsuniyarta, to ya mutu. Kuma sai an yi masa gaisuwa. Takan miƙe ƙafa ta rufe kai da gyale kamar mai zaman makoki, mu taso ɗaya bayan ɗaya mu durƙusa mu ce Allah ya jiƙan wane, ta amsa da amin, ta yi mana godiyar zuwa. Daga nan babu sauran tatsuniya a gidan sai an yi uku. Manya na yi mata dariya, suna cewa tsufa ne. Ita ko a jikinta.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Tanko.

Wai an yi wani gari a gindin dutse, irin duwatsun Kwatarkwashi, da ganuwa kewaye da shi da ƙofa ɗaya tak. A garin akwai wani saurayi ɗan tauri, sunansa Tanko. Wuƙa in ta taɓa shi lanƙwashewa take yi, mashi ya karye, ko aska ba ta kama gashinsa, shi ya sa yake yawo da suma har kafaɗa. Kuraye sun addabi garin, to kullum da yamma sai Tanko ya fita bayan ganuwa da kulkinsa ya fatattake su har cikin duwatsu, sannan ya dawo. Mai tsaron ƙofa ba ya rufewa sai ya ga shigowarsa. Haka aka saba, har mutane suka manta da cewa ana iya yin wani abu dabam. Tamada takan kwaikwayi tafiyarsa da kafaɗunta tana zaune, ta kwaikwayi kukan kura in ta sha kulki, mu yi ta dariya har gyaɗa ta zube. Lawali kuwa ba shi da gwani sai Tanko. Da rana sai ya sami kara ya rataya, ya hana a yi masa aski.

Sai wata damina, in ji ta, wata kura ta ɗauki ɗan akuyar wata marainiya ta tsallaka gulbi da shi. Gulbin ya kawo, ya cika har yana tumbatsa. Tanko ya bi ta ya faɗa ruwa.

"To ruwa dai ba ƙarhe ba ne," in ji Tamada, ta rage murya. "Ruwa bai san tauri ba."

Masunta suka tsince shi can ƙasa, suka yi masa sutura a bakin gulbi, suka kawo wa garin kulkinsa. Mutanen gari suka ce ƙarya ne. Wanda mashi bai kashe ba, ruwan da ake wanka da shi ne zai kashe? Wata dabara ce tasa, zai dawo. Da yamma ta yi, mai tsaron ƙofa ya ƙi rufewa, ya ce shi ba zai zama wanda ya kulle Tanko a waje ba. Kowa ya ce ya yi daidai. Aka bar ƙofa a buɗe.

A daren farko kuraye suka shigo suka ɗauki akuya. Kashegari aka ce ai yau zai dawo, aka sake barin ta. Suka ɗauki tunkiya, suka ɗauki maraƙi. Mutane suka daina barci, kowa ya kwana zaune da sanda yana kallon hanya, da safe a kasa zuwa gona, ciyawa ta cinye gero. Duk wanda ya ce a rufe ƙofa sai a taso masa, a ce shi ne mai yi wa Tanko fatan mutuwa. Har ranar da kura ta shiga wani ɗaki ta ja zanen goyon wani jariri, Allah ya sa uwar ta farka.

Ran nan da magariba sai uwar Tanko ta fito, tsohuwa ce tana dogara sanda. Ita ce kullum take ajiye masa tuwo a rufe, ta zubar da safe. Ta ratsa mutane, ta kama ƙyauren nan da hannu biyu ta tura, ta ɗauko gungumen da ake tokarewa ta tokare. Aka yi ca a kanta. Ta juyo ta ce, "Ni nih haihe shi. Ni ka ce muku ba shi dawowa." Sai ta zauna a bayan ƙofar ta yi ta kuka har gari ya waye. A daren ne mutanen garin suka yi barcin da suka daɗe ba su yi ba.

"Nan tat tsaya," in ji Tamada. "Wanda duk yac ce ta wuce nan, shi yaƙ ƙara."

Ta miƙe ƙafa, ta ja gyale ta rufe kai.

Muka fara tashi muna gaisuwa. Allah ya jiƙan Tanko. Amin, na gode da zuwa. Da aka zo kan Lawali sai ya ƙi tashi. Shi ne babba a cikinmu, yana jin kunyar a ga hawayensa, don haka ya mai da abin faɗa.

"Inna, ki tashe shi mana! Ai ke ka yin labarin. Ki ce ya riƙe reshe, ki ce wani kihi ya haɗiye shi ya amayo!"

"Ban cewa."

"To ni ban gaisuwa."

"Kada ka yi. Uku dai sai an yi ta, ko da kai ko ba kai."

"Ai duk ƙarya ce! Kura da lalle ba ƙarya ba ce?"

Ta yaye gyalen ta dube shi da kyau. Na zaci za ta zage shi kamar yadda ta saba, sai na ji muryarta ta yi laushi.

"Ƙarya ce, Lawali. Kura ta yi magana, turmi shi yi tahiya, duk na yarda in yi muku, ba su cutar da kowa. Amma wagga guda ban yi muku ita. Tashi sai ranar tashi. In na saba muku da ita nan bakin wuta, wata rana za ku je ku neme ta inda babu."

Lawali ya yi kwana biyu ba ya yi mata magana, ko furarta ya ƙi sha. A rana ta uku ina kallonsa ya je ya same ta tana tankaɗe, ya durƙusa can nesa, ya faɗi abin da ake faɗa cikin ƙunƙuni. Ta amsa ba ta ɗago kai ba, ta miƙa masa ƙanzo.

Na daɗe ina ɗaukar abin nan a matsayin tsaurin rai na mutanen da. Da na girma na shiga harkar finafinai, har dariya nake ba abokai da labarin kakata mai zaman makokin mutanen tatsuniya. Sai daga baya na riƙa haɗa lissafi. Tamada ta haifi 'ya'ya da yawa, kaɗan ne suka rayu. Ta san yadda gida yake zama in ana jiran wanda ba zai zo ba. Ba ta da makaranta, ba ta da wata hanyar shirya mu, sai wannan wutar karan da kwandon gyaɗa. A nan ta riƙa ba mu mutuwa kaɗan-kaɗan, daidai bakin yaro, tana zaune kusa da mu, ga ɗumi, ga ƙanzo da safe. Da ta rasu ina aji uku a sakandare, na yi kuka sosai, amma ban taɓa tsayawa a bakin hanya ina duba ko za ta ɓullo ba.

Ni kuwa ga abin da nake yi da bakina duk mako. Ba na cewa finafinan nan haramun ne, ko su suka ɓata yara, wannan surutun masu neman abin zargi ne. Masu yin su kasuwa suke yi, jarumin da ya mutu ba ya kawo ciniki, dole su tashe shi. Babba ya san haka, ya kalla ya yi tsaki ya wuce. Amma yarinya 'yar shekara shida, wadda duk manyan gidansu suka haɗa baki suka ce mata tafiya ce, ta kuma ji Baffanta da kansa a rediyo yana cewa matacce zai dawo, me ake so ta ɗauka? Mu muka ba ta rabin farko a gida, ni na cika mata sauran a iska. Na idar da salla ban san surar da liman ya karanta ba.

Da na dawo tana nan inda na bar ta, ta zauna a dakalin zaure tana wasa da igiyar takalminta. Daga cikin gida ana jin Hadiza na tuƙa tuwo. Na zauna kusa da ita.

"Nana, abin da na faɗa ɗazu na fim ne. Mutumin nan bai mutu ba tun farko, wasa ne ake yi, yana gidansu yana cin abinci."

"To Abba fa?"

"Abba ya rasu. Yaran nan gaskiya suka faɗa miki. Mota ce ta faɗi da shi, muka yi masa salla, muka kai shi makwancinsa. Ni na sa shi da hannuna."

Ta dube ni, ba ta ƙifta ido ba.

"Ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba."

"Ko an daɗe?"

"Ko an daɗe. Mu ne za mu je mu same shi, in Allah ya kawo lokacinmu. Kafin nan sai dai mu riƙa yi masa addu'a, tana isa gare shi."

Na shirya wa ihu. Na shirya ta buge ni, ta ce ni maƙaryaci ne, kuma da ta yi hakan da ba ta yi laifi ba. Sai ta sunkuyar da kai tana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Hawaye suka zubo, ta sa bayan hannu ta share, suka sake zubowa. Na jawo ta jikina. Ni ma a nan na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar jana'iza, don a ranar ni ne mai karɓar baƙi. Muka jima a haka, masu wucewa na yi mana sallama ina amsawa da kai.

Can sai ta ɗago, ta leƙa cikin gida, ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Baffa, kar ka gaya wa Umma."

"Don me?"

"Ita ba ta sani ba. Kullum cewa take tafiya ya yi." Ta ja majina. "In kai ka faɗa mata za ta tsorata. Bari ni in gaya mata a hankali."

Na buɗe baki in ce mata Umma ta sani, sai na fasa. Wata shida ke nan Hadiza na haɗiye kukanta a gaban yarinyar nan, tana shiga banɗaki ta yi ta fito da murmushi. Mun ce muna kare Nana ne, ashe mun bar su su biyu a ɗaki ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, babu mai iya rungumar wani. Wanda ya isa ya kawo ƙarshen wannan ba ni ba ne.

"To, je ki," na ce.

Ta miƙe ta gyara ɗankwalinta kamar wata babba, ta shiga. Ina zaune a dakali ina jin takunta har bakin madafa. Na ji ta ce, "Umma, in kin gama ina son in gaya miki wata magana, amma ki zauna tukuna." Na ji Hadiza ta ce, "Wace magana ce, uwata?" tana ci gaba da tuƙi.

Sai na ji muciya ta tsaya.